Kififiyar zartsi ta Amurka: mota ce ke ƙarar da ita ko tarkon kaguwa?

Bahaushen_Jersey:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar. Na ɗauki iyali za mu bakin teku a kudancin New Jersey, wajen Stone Harbor. Kafin ka shiga garin akwai wani dogon titi da aka shimfiɗa a tsakiyar fadama, ruwa dama ruwa hagu. Sai motar da ke gabanmu ta ci birki, wata dattijuwa ta fito ta ɗauki wata kififiya daga tsakiyar titi ta tsallakar da ita. Na sauka na taya ta tsayar da motoci. Ta ce mini sunanta diamondback terrapin, saboda zanen bayanta mai kama da yankan lu'ulu'u, kuma duk wadda na gani a kan kwalta a watan Yuni da Yuli uwa ce mai ɗauke da ƙwai, tana neman tudun yashi ta saka.

Kafin mu kai ƙarshen titin na ƙirga uku da mota ta riga ta murƙushe, ɗaya ƙwayayenta a warwatse. 'Yata ta yi ta kuka har muka isa.

Ni dai a ganina motoci ne ke ƙarar da dabbar nan. Amma da na ba wani abokin aikina labari, sai ya ce abin da na gani kaɗan ne, wai mutuwar gaske a ƙarƙashin ruwa take, cikin tarkon kaguwa. Don Allah wanda ya san lamarin ya warware mini.

Direban_Bronx:
Wa alaikumus salam. Mu nan New York har jiragen sama suka taɓa tsayarwa. A ƙarshen Yunin 2011 ina layin tasi a filin jirgin JFK aka ce tashin jirage ya samu jinkiri saboda kififiya ta cika titin jirgi. Wajen 150 aka kwashe a ranar. Filin a bakin wani lungun teku mai suna Jamaica Bay yake, su kuma daga ruwa suke fitowa su tsallaka neman yashi. An taɓa yin haka a 2009 ma. Daga baya ma'aikatan suka kwantar da dogon bututun roba mai kauri a gefen da suke fitowa, don ba sa iya haye shi.

Yar_Damagaram:
To wai kunkuru ce ko kififiya? Hoton da na gani ƙafafunta kamar na kunkuru.

MalamarHalittu:
Ƙanwata, kififiya ce, ta ruwa ce, sai dai ba irin manyan nan na tsakiyar teku masu hannu kamar filafili ba. Tana da farata, da fata tsakanin yatsun ƙafar baya don iyo. Abin da ya bambanta ta shi ne wurin zamanta. A duk Arewacin Amurka ita kaɗai ce kififiyar da ke rayuwarta gaba ɗaya a ruwan zartsi, inda kogi ke haɗuwa da teku. Shi ya sa ni nake kiranta kififiyar zartsi. Ana samunta tun daga Cape Cod a Massachusetts, a bi gaɓar teku kudu har Florida, a zagaya zuwa Texas, da wasu 'yan kaɗan a tsibirin Bermuda.

Allah Ya yi mata wata kafa kusa da ido da ke fitar da gishirin da ya yi mata yawa a jiki. Idan aka yi ruwan sama kuma takan taso ta sha ruwan daɗin da ya kwanta a saman na gishiri kafin su gauraya. Da sanyi ya shigo sai ta nutse cikin taɓo ta kwanta har bazara.

Malam Bahaushen_Jersey, kai da abokin aikinka kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya, kuma girman jikin dabbar ne ya raba ku. Macen ta fi namijin nesa ba kusa ba. Ƙoƙon bayanta kan kai santimita 20 ko fiye, na namiji kuwa wajen 13 yake tsayawa. Namiji ba ya da abin da zai kai shi tudu, don haka mota ba ta cika samunsa ba. Tarkon kaguwa kuma ƙananan jiki ya fi ci, wato maza da 'yan matan da ba su gama girma ba. Titi na cin iyaye mata a gaban idon kowa, tarko na cin na baya a inda babu mai gani.

Kawu_Baltimore:
Malama ta faɗi daidai. Shekarata ashirin da 'yan kai a Maryland, kuma nan kaguwa ita ce tuwon gari. Bari in kwatanta muku tarkon. Akwati ne na waya, mai baki kamar mazurari a gefuna, mai faɗi daga waje ya tsuke daga ciki. Ana sa mushen kifi a tsakiya a jefa shi ƙasan ruwa, a ɗaura masa igiya da abin da zai yi yawo a sama don a gane wurin. Kaguwa ta shiga ba ta damu ba, a ruwa take numfashi. Ita kififiya da huhu take numfashi kamar ni da kai. In ta bi ƙamshin kifin ta shiga, ba ta gane hanyar fita, kuma mai tarkon sai gobe ko jibi zai zo dubawa. Kafin nan ta shaƙe.

Na taɓa raka maƙwabcina ɗaga nasa a bayan gidansa, muka tarar da biyu a ciki sun mutu. Mutumin kirki ne, ransa ya ɓaci ƙwarai, bai ma san haka na faruwa ba.

Dalibi_a_Georgia:
Kawu, wanda ake dubawa ma da sauƙi. Mafi muni shi ne tarkon da ya ɓace. Guguwa ta tsinke igiyar, ko farfelar jirgin ruwa ta yanke ta, shi kenan ya zauna a ƙasa ba mai shi. Abin da ya mutu a ciki shi ke jawo na gaba. A nan Georgia masu bincike sun taɓa ɗago tarko guda ɗaya da mushen kififiya 94 a cikinsa. Guda ɗaya tak. Ita kuma dabba ce mai riƙon wuri, takan shekara da shekaru a rafi ɗaya ba ta nisa. Kun ga tarko irin wannan zai iya share 'yan rafi guda, kuma ba wasu da za su taso daga wani wuri da wuri su cike gurbin.

A tsibirin Kiawah na South Carolina, tun 1983 Farfesa Whit Gibbons da ɗalibansa ke kama su suna yi musu alama suna saki. Abin da suka gani shi ne yawansu na raguwa, waɗanda suka rage kuma akasari manyan mata ne tsofaffi. Wannan ita ce shaidar da tarko ke bari.

Dan_Masunta_Yauri:
Ina biye da ku. Ni a gidan su na tashi, kuma yadda Kawu ya kwatanta tarkon nan kusan gurarmu ce, bakin ne dai iri ɗaya. Mu ma kififiya na faɗa mana a gura da koma. Tambayata ita ce, me ake so masuncin ya yi? Ya bar sana'arsa? Don na lura duk lokacin da aka zo maganar kare wata dabba, talakan da ke cikin kwalekwale ake fara nuna wa yatsa.

Kawu_Baltimore:
A'a ɗana, ba a ce ya bari ba. Maganin ƙaramin abu ne har za ka yi mamaki. Wani ɗan firam ne mai kusurwa huɗu, na roba ko na waya, da ake ɗaurawa a bakin mazurarin. Kaguwa jikinta a baje yake, kuma a karkace take tafiya, sai ta wuce abinta. Kififiya kuwa bayanta a tashe yake, sai ya tokare. A Maryland girmansa santimita 4.5 a tsaye, 12 a kwance, kuma tun 1999 doka ta wajabta shi ga masu gidaje a bakin ruwa da ke jefa tarko don na miya. Kuɗinsa bai kai na kofin shayi a kanti ba.

MalamarHalittu:
Kuma a garin da Malam Bahaushen_Jersey ya je aka ƙirƙiro shi. Dakta Roger Wood na cibiyar Wetlands Institute da ke Stone Harbor ne ya fito da dabarar a farkon shekarun 1990. New Jersey ta sa shi a dokarta a 1998, ga tarkunan da ake jefawa a ƙananan rafuka. Florida sai a 2023 ta wajabta wa masu kamun nishaɗi. Ku dubi tazarar shekarun.

Dan_Masunta_Yauri:
To in dai haka yake da araha, me ya hana kowa sawa? Ruwa ba ya tsami banza. Ni na san in ka tsuke bakin gura, babban kifi ba zai shiga ba, kuma babban shi ne kuɗi.

Dalibi_a_Georgia:
Ka taɓo inda gardamar take, Yaya. Abin da masu sana'ar ke faɗa ke nan, cewa manyan kaguwa za su ƙi shiga. An gwada a jihohi da dama, a jera tarko mai firam da marar firam a ruwa ɗaya. Yawancin gwaje-gwajen ba su ga wani bambanci mai yawa a kamun kaguwa ba, amma akwai waɗanda suka ga ragi, musamman in firam ɗin ya cika tsukewa. In kuma aka buɗa shi da yawa, ƙananan maza su wuce su mutu. Ga kuma mutum mai tarko ɗari-ɗari, kowanne da baki biyu ko huɗu, aikin ɗaurawa kaɗai ba wasa ba ne. Don haka ban ɗauki ƙorafinsu a matsayin taurin kai ba.

Abin da ya burge ni shi ne wanda Virginia ta yi daga 2008. An ɗauki masu kamun kaguwar da kansu aiki a lokacin sanyi, sa'ad da ba sa fita, aka biya su suka riƙa nemo ɓatattun tarkuna da na'urar da ke hango ƙasan ruwa. Cikin 'yan shekaru suka fitar da fiye da 30,000. Su ma ribarsu ce, don tarkon da ya ɓace kaguwarsu yake ci.

Dan_Masunta_Yauri:
Yauwa. Wannan kam na yarda da shi. In ka sa masunci a cikin aiki, ya fi ka sanin inda abin yake.

Sadauki_77:
Ku yi haƙuri, amma ni abin nan na ba ni takaici. Mutane na kwana da yunwa, yara ba makaranta, mu kuma mun zauna muna jimamin kififiyar wata ƙasa. In ta ƙare me zai ragu a duniya?

Ummu_Khalil:
Malam Sadauki, tausayin dabba ba ya rage tausayin mutum. Ai mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta ɗaure, da wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Kuma da yawanmu a nan muke zaune, mu ke tuƙa motocin da ke taka su.

MalamarHalittu:
Tambayarka tana da amsa, Malam Sadauki. Babban abincin kififiyar nan a fadamun kudu wata ƙaramar katantanwa ce da ke hawa ciyawar fadama tana kankare ta. An gwada an gani, in aka hana masu cin katantanwar isa gare ta, takan yi yawan da za ta mayar da fadama fili tsirara cikin 'yan watanni. Kaguwa da kififiya na cikin masu rage ta. Ita kuwa ciyawar, saiwoyinta ne ke riƙe taɓon gaɓa, a cikinta 'ya'yan kifi da jatan lande ke girma, ita ce kuma ke rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gidajen mutane lokacin guguwa. Ban ce kififiya kaɗai ke riƙe da fadama ba, amma tana cikin masu riƙon.

Sadauki_77:
Na ji, Malama. Ban gamsu duka ba, amma maganar ciyawar ta shige ni.

Mai_Son_Tarihi:
Ku bari in mayar da ku baya, don ba yau aka fara ba. Kalmar terrapin kanta daga harshen 'yan asalin ƙasar ta fito, mutanen Algonquian, waɗanda ke cin ta tun kafin zuwan Turawa. Da farko yawanta ya sa ba ta da daraja, abincin talakawa ce da bayi. Sai a ƙarni na 19 miyarta ta zama abincin manya a otal-otal na Baltimore da Philadelphia da New York. A 1891 an kama kimanin fam 89,000 a Maryland, wato wajen kilo 40,000. Zuwa 1920 abin da aka samu fam 823 ne kacal. Shekara 29 ke nan. Kuma manyan mata aka fi nema saboda sun fi nama. Har gwamnatin tarayya ta buɗe kiwonsu a Beaufort ta North Carolina don kasuwa.

Abin da ya cece ta shi ne dokar hana giya ta 1920 zuwa 1933. Da wata giya mai suna sherry ake haɗa miyar, da aka rasa ta sai aka daina yayin.

Kawu_Baltimore:
Malam Mai_Son_Tarihi, ana yawan faɗar haka, kuma akwai gaskiya a ciki, amma kar a ɗora wa dokar giya duka. Kai da kanka ka kawo lissafin 1920, ka ga kafin dokar ta yi aiki dabbar ta riga ta yi ƙaranci har ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane. Sai karayar tattalin arziki ta 1929 ta zo ta ƙarasa. Sannan kasuwar ba ta mutu har abada ba. A shekarun 2000 ta farfaɗo, ana kamawa ana kai wa kasuwannin Asiya da unguwannin 'yan Sin a manyan birane. Ina nan aka yi ta ce-ce-ku-ce har Maryland ta haramta kamun sayarwa a 2007. Abin kunya ne a lokacin, don tun 1994 ita ce dabba mai rarrafe da jihar ta ɗauka tambarinta, kuma 'yan wasan Jami'ar Maryland sunanta suke amsawa.

Almajirin_Malam:
Tunda an zo maganar ci, shin halal ce? Na san a mazhabarmu ta Malikiyya akwai sauƙi a kan dabbobin ruwa, amma wannan tana hawa tudu.

Mai_Kula_da_Zaure:
Malam, a kai wannan zauren fiƙihu inda malamai suke. A nan dai abin da ya shafe mu shi ne a jihohi da yawa doka ta hana kama ta. A ci gaba da maudu'i.

Dalibi_a_Georgia:
Ƙari a kan na Kawu: New Jersey ta hana a 2016, New York a 2018. Tun 2013 kuma tana cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ba a fitar da ita daga ƙasa sai da takarda. Amma yanzu ba don miya kaɗai ake satar ta ba, don kiwo ne a gida, saboda kyan fatarta mai ɗigo-ɗigo. A 2019 kotu ta ɗaure wani mutumin Pennsylvania wata shida saboda kwasar dubbai daga fadamun New Jersey yana sayarwa.

Ummu_Khalil:
Ni abin da na gani da idona mai daɗi ne. Ajin su ɗana a nan Maryland an ba su jaririyar kififiya a farkon shekarar karatu, ba ta fi girman murfin kwalba ba. Daga tsibirin Poplar aka kawo ta, wanda ruwa ya kusa cinyewa aka sake gina shi da yashin da ake yasowa daga hanyar jiragen ruwa ta Baltimore. Yaran ke ba ta abinci, su auna nauyinta, su rubuta. Da yake ba ta kwanta sanyi ba, cikin wata tara ta yi girman 'yar shekara biyu ko uku. Da bazara aka mayar da ita tsibirin aka saka. Yaron nan yanzu ko leda ba ya bari a jefar a bakin ruwa. Me zai hana a yawaita irin wannan har a cike abin da ake rasawa?

Dalibi_a_Georgia:
Hajiya, aikin na da kyau wajen tarbiyyar yara, ban musa ba. Amma in ba a gyara ruwan da za a sake ta ba, an yi kiwo ne an kai wa tarko. Girman da take kaiwa a wata taran nan shi ne daidai girman da ke shiga bakin tarko.

Ummu_Khalil:
To ai ba a ce shi kaɗai za a yi ba, ƙanena. Yaran da suka rene ta su ne gobe za su sa wa tarkonsu firam ba sai an tilasta musu ba.

MalamarHalittu:
Ku biyun ina tare da ku, amma bari in faɗi abin da ya sa titi ke tayar mini da hankali duk da cewa a lissafin kai tarko ya fi kisa a wurare da yawa. Mace ba ta fara ƙwai sai ta kai shekara shida zuwa takwas, a arewa ma fiye. In ta kai nan za ta iya rayuwa shekara 25 har zuwa 40, tana saka ƙwai sau biyu ko uku a kowace bazara, kowane zubi wajen goma. Yawancin ƙwan nan dama ba za su kai labari ba. A Jamaica Bay, inda Direban_Bronx ya ambata, binciken Farfesa Russell Burke na Jami'ar Hofstra ya nuna rakun, wata dabbar dawa ta Amurka mai baƙin zane a ido, na tone fiye da kashi 90 cikin ɗari na ramukan ƙwai a wani tsibiri. Rakun kuwa mu muka yawaita shi, don a kwandon shara yake ƙiba. Dalilin da ya sa tsibirin Poplar ya yi albarka ke nan, babu rakun da yanyawa kamar na gaɓa.

To dabbar da ta dogara da tsawon rai don ta maye kanta, asarar ƙwai ɗari ba ta kai mata asarar uwa ɗaya ba. Ukun da Malam ya ƙirga a titi, kowacce ta riga ta tsallake hankaka da rakun da tarko shekara bakwai ko fiye.

Bahaushen_Jersey:
Allahu Akbar. Malama, to ƙwan da na gani a kan kwalta fa, shi ke nan sun tafi?

MalamarHalittu:
Waɗanda suka fashe sun tafi. Amma waccan cibiyar ta Stone Harbor tun 1989 take bin titunan yankin a lokacin ƙwai. In suka samu uwar da mota ta kashe, sukan ciro ƙwan da bai fashe ba su sa a na'urar ƙyanƙyasa, a rene su tare da Jami'ar Stockton, a sake su bayan shekara. Akwai wata hikima a ciki: zafin yashi ne ke yanke jinsin ɗan. Wajen digiri 30 mata ake samu, in ya sauka wajen 26 maza. To sai su saita na'urar a kan zafi, don uwa aka rasa, mace ake so ta maye.

Yar_Damagaram:
Ikon Allah. To in duniya na ƙara zafi ba sai duk su zama mata ba?

Dalibi_a_Georgia:
Ana fargabar hakan, Yaya. Amma abin da ya fi kusa shi ne wurin saka ƙwan ma yana ɓacewa. Teku na tasowa, fadama na son ja da baya, sai ta tarar da katangar siminti ko tulin duwatsu da masu gidaje suka yi don kare filinsu. Uwa ta zo gaɓar da ta saba, ta tarar da bango. Shi ya sa suke hawa gefen titi, don shi ne tudun da ya rage. Maryland ta yi doka a 2008 da ta fifita kare gaɓa da ciyawa da yashi a kan katanga, sai inda ba yadda za a yi.

A nan Georgia kuma, a titin shiga tsibirin Jekyll, an lura cewa sun fi fitowa daidai lokacin cikar ruwa. Sai aka kafa allunan gargaɗi masu walƙiya da ake kunnawa a sa'o'in kawai, don in allo na walƙiya dare da rana direba ya daina ganinsa. An kuma tara musu tudun yashi a gefen fadama, da keji a kai mai hana rakun, don su samu wuri kafin su kai kwalta.

Direban_Bronx:
A matsayina na direba, maganar allon nan gaskiya ce. Amma ina roƙon 'yan uwa, kar tausayi ya sa mutum ya ci birki a tsakiyar babban titi ya jawo haɗari. Ka duba madubi, ka sauka gefe, ka kunna fitilun gargaɗi tukuna.

MalamarHalittu:
Haka ne. In kuma ka ɗauke ta, ka riƙe ta ta gefen baya da hannu biyu, tana cizo. Ka kai ta ɓangaren da ta dosa, ko da can ne nesa da ruwa. In ka mayar da ita inda ta fito, za ta sake hawowa. Kar a kai ta gida, kar a kai ta wani tafki. Wadda ta ji rauni, ko ta mutu ba da daɗewa ba, a kira masu kula da namun daji na yankin, ƙwanta na iya rayuwa.

Sadauki_77:
To gwamnatin tarayyarsu fa? Na ga kowace jiha da nata.

Dalibi_a_Georgia:
Haka abin yake, jiha-jiha ne. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jerin dabbobin da ke cikin haɗarin raguwa, kuma a 2024 ƙungiyar Center for Biological Diversity tare da wasu suka shigar da buƙatar a sa ta ƙarƙashin dokar tarayya ta kare dabbobi masu ƙarewa. In hakan ta tabbata, maganar firam za ta wuce zaɓin jiha.

Dan_Masunta_Yauri:
Ni dai ina nan kan bakana. Doka daga sama ba ta isa cikin rafi in ba a shawo kan mai kwalekwale ba. Kawu da kansa ya ce dokarsu tun 1999 take, ga shi maƙwabcinsa bai ma san da ita ba.

Bahaushen_Jersey:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Na shigo da yaƙinin mota ce, yanzu na ga abokin aikina bai yi ƙarya ba. Amma har yanzu zuciyata na kan titin nan, wataƙila don shi na gani da idona, kuma bayanin Malama a kan iyaye mata ya ƙara mini nauyinsa. 'Yata ta ce mu koma ranar Asabar mu tambayi cibiyar ko suna karɓar masu taimako.

Kawu_Baltimore:
Ɗana na Yauri, ka yi gaskiya, kuma maganarka ta sa na tashi. Yanzu na dawo daga gidan maƙwabcin nawa. Tarkonsa biyu ne, sababbi ya saya bana, kuma duka babu firam a bakinsu, haka aka sayar masa. Mun auna bakin da abin awo, ya fi ƙa'ida faɗi sosai. Gobe in Allah Ya kai mu za mu shagon kayan su tare. Malama, na roba ya fi ko na waya? Shi yana ganin na roba zai sa tarkon ya yi haske kaguwa ta guje shi.